Kada a saida gona don sayen takarda

Ƴan uwa manoma da makiyaya, wani sabon ciniki ya shigo garuruwanmu, kuma ya kamata mu yi maganarshi a hili. Yaro ya yi lakkwal, ya samu bak, ya yi shekara 3 a jami'a, ya ɗauko takardar da ake ce ma lisans. Ya nemi aiki, bai samu ba. Sai shi komo gida shi ce: "Baba, wagga takarda ba ta isa ba. Sai na ƙara shekara 2 na yi mastar ta kasuwanci. Da na ƙare, banki ko babban kamfani za su ɗauke ni." Uba shi tambayi kuɗɗin. In ya ji lissahi, sai shi yi shiru. Abin da ke cikin rumbu ba shi biya. Sai ido shi koma ga gona, ko ga shanu, ko ga mai bada rance da ruwa.

Maganarmu guda ce. Kada a saida gona, kada a jinginar da ita, kada a ci bashi mai ruwa don biyan wanga karatu. Ba mu ƙi lakkwal ba. Ku sa ƴaƴanku lakkwal, maza da mata, ku bar su su yi nisa. Amma wagga takarda ta kasuwanci ita ma haja ce. Akwai mai saidawa, akwai mai saye, akwai riba, akwai faɗuwa. Kuma ba a cinikin biri a sama.

Inda abin ya samo asali

Wanga karatu a Amurka anka fara shi. A shekarar 1908 jami'ar Harvard ta buɗe makarantar kasuwanci ta waɗanda sunka riga sunka ƙare jami'a. Takardar da take badawa ita ce ake ce ma MBA. Karatun shekara 2 ne. Ana koyon lissahin kuɗɗin kamfani, da yadda ake tahiyar da ma'aikata, da yadda ake neman masu saye, da yadda ake neman jari. Daga can abin ya bazu. A Faransa an buɗe makarantar INSEAD a 1957. A Dakar akwai makarantar CESAG. Yanzu a Yamai ma, da wasu manyan birane, makarantu masu zaman kansu suna tallar irin wagga takarda, kowace da sunan da ta ba ta.

To, nawa ake biya can inda abin ya hito? A shekarar 2024, kuɗɗin makaranta kaɗai a Harvard sun wuce dalar Amurka 70,000 a shekara guda. Ku lura, dalar Amurka ba dalarmu ba ce ta tamma 5. A waccan shekara kowace guda tana kusa da sefa 600. Ke nan shekara guda ta hi miliyon 40 na sefa. Shekara 2 sun hi miliyon 80. Ba a sa abinci ba, ba a sa hayar ɗaki ba, ba a sa littattahai ba.

Za ku ce masu hankali ba su zuba waɗanga kuɗɗi a banza. Gaskiya ne. Amma ku dubi yadda suke yi. Na farko, ba su shiga da ƙare jami'a. Yawancin masu shiga Harvard sun riga sun yi aiki shekara 4 ko 5. Sun tara wani abu, sun kuma san abin da suke nema. Na biyu, ita kanta makarantar tana rage ma kusan rabin ɗalibanta kuɗɗi, gwargwadon ƙarhinsu. Na uku, wasu kamfanin da suke ma aiki ne ke biya musu, da sharaɗin su komo su ci gaba da aiki nan. Na huɗu, masu cin bashi da sunansu suke ci, su ne kuma za su biya daga albashinsu.

Duk da haka abin bai zama tabbas ba. Cikin waɗanda sunka ƙare Harvard a 2024 suna neman aiki, kusan 1 cikin 4 bai samu ba bayan wata 3. Wannan fa makarantar da duniya duka ta sani ke nan, cikin ƙasa mai kamfanoni ba iyaka. In Harvard ba ta iya ma kowa alkawalin aiki, wace makaranta ce za ta yi maka shi a nan?

Bashin karatu ya zama ciwo a Amurka. Mutum sama da miliyon 40 ne gwamnatin ƙasar ke bi bashin karatu, wato sun hi mutanen Nijar duka yawa. Wasu sun yi furfura suna biya. A 2025 majalisar ƙasar ta yi dokar da ta sa iyaka ga abin da gwamnati za ta ranta ma masu karatun gaba da lisans. Akwai kuma wasu makarantu masu neman riba, na wani kamfani mai suna Corinthian, da sunka yi ta ruɗin mutane da alkawalin aiki. A 2015 sunka ruhe, sunka bar ɗalibai da bashi. Sai a 2022 gwamnati ta yafe ma mutum wajen 560,000 wannan bashi. Su gwamnatinsu ta yafe musu bayan shekara 7. Kai in ka saida gona, makaranta ta ruhe, wa za shi maido maka ita?

Mu zo mu yi lissahi

Darasin farko na kasuwanci shi ne lissahi. To mu yi shi tun kahin a biya ko dala. A ce karatun shekara 2, da abinci, da ɗaki, da kuɗɗin mota, za su ci miliyon 2. Wannan misali ne. Wani wuri ya hi haka, wani bai kai ba. A ce an ranto su.

A 2014 hukumar ƙasashe masu amfani da sefa ta yammacin Afirka ta sa iyaka ga ruwan bashi: banki kada shi wuce kashi 15 cikin 100 a shekara, ƙananan asusan bada rance kada su wuce 24 cikin 100. Banki ba shi cika ba manomi rance ba, don shina neman mai albashi ko mai takardar gida. Sai a nuhi ƙaramin asusu. Kashi 24 cikin 100 na miliyon 2 jikka 480 ne a shekara. In an raba wata 12, jikka 40 ke nan kowane wata. Wannan ruwa ne kaɗai. Uwar kuɗɗin tana nan, ba a taɓa ta ba.

Ku gwada da wannan: tun farkon 2024 mafi ƙanƙantar albashi a Nijar jikka 42 ne. Ashe ruwan bashin kaɗai ya kusa cinye albashin ƙaramin ma'aikaci ɗungum. Kuma ruwa ba shi jiran yaro shi ƙare karatu. Ba shi san fari ba, ba shi san fara ba, ba shi san ciwo ba. Mai bada rance na cikin gari kuwa, wanda ba shi bin doka, nashi ya hi haka zahi.

Za ku ce mai mastar ba a biyanshi jikka 42, ya hi nan. Haka ne, in ya samu aikin. Amma bankuna nawa ne cikin ƙasar? Kamfanonin waya nawa ne? Manyan furoje nawa ne? Ku ƙidaya su da yatsu. Sannan ku tuna kowace shekara ɗalibai nawa ke hitowa daga Yamai, da Maraɗi, da Tawa, da Damagaram, da waɗanda ke komowa daga Dakar, da Maroko, da Najeriya, kowa da takardarshi a hannu. Aikin gwamnati kuma sai an buɗe gasa, kuma ba kullum ake buɗewa ba. Takarda ba ta haihuwar kujera. In kujera 10 ce, masu nema 500, ƙarin takarda ba shi maida kujerun 11.

Akwai wata hasara da ba a gani. Shekara 2 da yaro za shi yi zaune cikin aji, shekara 2 ne da bai nemi ko sisi ba. Wannan ma a sa shi cikin lissahi.

Gona ba ta komowa

Yanzu mu dubi abin da ake so a saida. A ƙidayar 1977 mutanen Nijar miliyon 5 ne da ƴan kai. A ƙidayar 2012 sun wuce miliyon 17. Mutane sun ninka sau 3, ƙasa ba ta ƙaru ko taki guda ba. A kudancin Maraɗi da Damagaram kun san babu sauran dajin da za a sara. Gonar da kakanku ya noma shi kaɗai, yau jikoki nawa ke rabonta? Saboda haka kuɗɗin gona kullum hawa suke. Wanda ya saida bana, ba shi iya sayenta baɗi da kuɗɗin da ya amsa.

Tun 1993 akwai dokar karkara, akwai kuma hukumomin ƙasa da ke rubuta cinikin gona. In an zo gaban mai gari, shaidu sun sa hannu, an buga hatimi, magana ta ƙare. Kuka ba shi warware ta. Jingina ma tarko ce. Mai kuɗɗi shina noma gonarka, shina cin amfani, kai kuwa ba ka da abin da za ka tara ka fanshe ta, don abin da za ka tara da shi shina hannunshi.

Gona jari ce da ke biya kowace damina. Ko shekara ba ta yi kyau ba, akwai kara, akwai harawa, akwai wake. Saniya tana bada nono, tana haihuwa. Wanda yunwar 1984 ko ta 2005 ta sa ya saida gona ko bisashe, uzuri gare shi, rai ya ceta. Amma wanda ya saida da ƙoshinshi don takardar da ba a san ranar amfaninta ba, ya saki reshe ya kama ganye. Ko malaman makarantar kasuwancin, in an ba su wanga lissahi, za su ce ciniki ne na faɗuwa.

Kuma gonar ta wa ce? Ba ta yaro guda ba ce. Gandu ne. Ƙannenshi suna da haƙƙi cikinta. Ɗiya mata suna da gado cikinta. Uwa da ta tsufa nan take jiran hatsi. In an saida don mutum guda, an ɗebe ma mutum 10 tuwo. Sau da yawa ma ƙannen ne ake hiddawa daga lakkwal don babu kuɗɗin littahi da alƙalami, saboda duk abin gida ya tahi ga wa. Yarinya ba ta kai ga birbe ba don wanta shi ƙara takarda bisa takarda. Wannan ba son ilimi ba ne. Zalunci ne cikin gida.

Su wa ke da laihi

Na farko masu talla. Ba duka makarantu masu zaman kansu ke ruɗi ba. Akwai na kirki, masu malamai na gaske. Amma akwai waɗanda sunka yi hayar gida, sunka rataya babban allo, sunka rubuta suna da turanci ko faransanci, sunka sa hoton saurayi da kwat da mota. Suna cewa takardarsu duniya duka ta san ta. Su kam sun iya kasuwanci. Kuɗɗinsu a hannu suke amsa tun farkon shekara. Ko yaro ya samu aiki ko bai samu ba, ribarsu ta shiga.

Na biyu mu iyaye. Mu faɗi gaskiya, wani lokaci ba amfanin yaro muke dubi ba, baki muke dubi. Ɗan wane ya tahi Dakar, ɗan wane ya tahi Maroko, ni ma sai nawa ya tahi. Kunya ta hana mu ce ma yaro ba mu da hali. Kunya ta hana mu tambaya, don kada a ce ba mu san boko ba. To rashin boko ba rashin hankali ba ne. Kai da ba ka sayen sa sai ka dubi haƙoranshi, ka kewaya shi, ka tambayi dillali biyu, don mi za ka biya miliyon 2 ba tambaya?

Na uku ku samari. Kai ɗana, ka ce kasuwanci za ka koya. Madalla. Ga jarrabawarka ta farko: kawo ma babanka lissahi a rubuce. Nawa za a kashe? Wane aiki za a samu? Yaushe kuɗɗin za su komo? In abin bai yi ba, wa za shi ɗauki hasara? In ba ka iya amsa waɗanga, ba ka isa a ba ka jarin gida ba. In kuma amsar ita ce hasara ta hau kan tsohonka da ƙannenka, to ka ji kunya. Wani ma ba karatun shike so ba, zaman birni shike so, kada shi komo ƙauye hannu wohi. Zahin rashin aiki gaskiya ne, mun sani. Amma ba a maganinshi da kuɗɗin gonar uba.

Abin da za su ce

Za su ce ilimi ba shi tsada, jahilci ya hi shi tsada. Wagga magana gaskiya ce ga koyon karatu da rubutu, gaskiya ce ga ƙaramar lakkwal da sakandare. Amma wanda ke da lisans ba jahili ba ne. Ya yi shekara 16 shina karatu. Ba hita daga duhu shike nema ba, ƙarin matsayi shike nema. Ƙarin matsayi kuwa ana dubin kuɗɗinshi.

Za su ce ƙasa tana buƙatar masu sanin tahiyar da dukiya. Ƙwarai kuwa. Ƙungiyoyin manoma nawa sunka mutu don babu mai iya riƙe littahin shiga da hita? Bankunan hatsi nawa sunka watse? Albasar Galmi, da ayar Maraɗi, da wake, da fatar jar akuya, duka suna buƙatar masu lissahi da masu sanin kasuwannin waje. To, in ƙasa ke buƙata, ƙasa ta biya. In kamfani ke buƙata, kamfani shi biya. In yaro ne za shi ci amfani, shi yi aiki shi biya. Wanda za shi sha romo shi ya kamata shi sayi itace.

Za su ce ba a yin arziki sai da babbar takarda. Ku dubi alhazan Maraɗi. Yawancin na farkonsu daga yaron kanti sunka fara, ko sayen gujjiya a ƙauyuka. Ubangida shina gwada yaro da ƙaramin jari. In ya riƙe amana, shi ƙara mashi. Ba mu ce zamani bai sake ba. Yau ana son karatu, ana son kwamfuta. Amma dabararsu tana nan: a fara da kaɗan, a gwada, sannan a ƙara. Abin mamaki, ita ce dabarar da Harvard ke bi: yi aiki tukuna, sannan ka zo.

Hanyoyin da sunka hi

Akwai jami'o'in gwamnati. Ban da ta Yamai, a 2010 an kafa na Maraɗi, da Tawa, da Damagaram. A ta Tawa akwai sashen shari'a da tattalin arziki da sarrafa kasuwanci. Kuɗɗinsu ba su kai na masu zaman kansu ba. A fara ƙwanƙwasa nan. Akwai hukumar ANAB mai kula da tallahin karatu, wanda ƴan lakkwal ke ce ma bursu. Yaro shi tahi shi tambaya, shi kai takardunshi. Wasu ƙasashen ma suna bada bursu ta hanyar gasa.

In ba a samu ba, yaro shi kama aikin da ya samu, ko ƙarami ne. Shi riƙe ma ɗan kasuwa littahi, shi yi ma ƙungiyar manoma lissahi, shi koyar, shi yi ƙaramin ciniki. Bayan shekara 3 ko 4 za shi san ko takardar tana da amfani gare shi. Akwai makarantun da ke karatu da marece don ma'aikata. Sai shi biya kaɗan kaɗan daga guminshi. Wanda ya biya da guminshi ba shi wasa da karatu.

In dangi suna son taimako, su taimaka da abin da ba shi karya gida: rarar hatsi, ribar albasa, rago guda, gudummawar masu ci rani. Abin da ya tsiro bisa gona ana iya badawa. Gonar kanta ba a badawa.

Kahin a biya ko nawa ne, ga tambayoyi 5. Ku rubuta su, ku ajiye:

1. Gwamnati ta ba wagga makaranta izini? A gwada muna takardar daga ma'aikatar ilimi mai zurhi.

2. An yarda da takardarta? Akwai hukumar CAMES, wadda anka yanke shawarar kafawa a Yamai a 1968, mai zama a Wagadugu. Tana dubin takardun jami'o'i ta ce wacce ta yarda da ita. A tambaya ko wagga tana ciki.

3. Waɗanda sunka ƙare bara da bara waccan, ina suke aiki? A nemo mutum 3 a yi magana da su baki da baki.

4. Nawa ne kuɗɗin duka, daga ranar shiga har ranar amsar takarda? A rubuta, har da abinci da ɗaki.

5. In yaro bai samu aiki ba shekara 2 bayan ya ƙare, gida zai tsaya da ƙafarshi?

In amsar ta 5 a'a ce, sauran huɗun ba su da amfani. A dakata. Dakatawa ba ƙi ba ce. Makaranta tana nan baɗi, tana nan baɗi waccan. Gona kuwa, in ta hita, ta hita.

Ƴan uwa, ku karanta wanga rubutu a dandali, ku karanta ma waɗanda ba su iya ba tukuna, ku karanta ma mata cikin gida, don awakinsu da kayan ɗakinsu ma ana taɓawa. Wanda ke da wani ra'ayi shi rubuto muna, mu buga, jama'a su auna. In kunne ya ji, jiki ya tsira.